Shisha da Sigarin Lantarki: Inda Dokar Birni Ke Ƙarewa a Ƙauyukan Arewacin Kano

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ya ratsa Dawanau ya nufi Bichi, zai ga abin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi ta nazari tun shekarun 1960: gona manne da gona, babu saura, ƙauye na hango ƙauye. Jama'a sun yi yawa, kuma birni bai yi wa kowa nisa ba. Saurayin Minjibir ko na Dawakin Tofa yana iya sammako ya yi dako a Kantin Kwari, ya dawo ya yi sallar isha'i a masallacin unguwarsu. Kayan da suka sauka a kasuwar Singa ba sa daɗewa kafin su bayyana a teburin mai kanti na ƙauye. Saboda wannan kusanci, duk dokar da aka kafa kan busa hayaƙi a birnin Kano tana da sakamako a karkara, ko da waɗanda suka rubuta ta ba su yi tunanin karkarar ba.

Abin da ake magana a kansa, sigarin lantarki, ƙarami ne, bai fi alƙalami ko kwalbar turare girma ba. A cikinsa akwai batir, da ɗan waya mai ɗaukar zafi, da ruwa mai ɗauke da nikotin da ƙamshin mangwaro ko kankana ko na'a-na'a. Ana zuƙa, ruwan ya zama tururi. Babu ashana, babu toka, babu warin da zai kama riga har uwa ta gane. Wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro shi a 2003, kuma har yau mafi yawansa daga masana'antun birnin Shenzhen yake fitowa. Matasanmu da suka san shi sun fi ɗaukarsa a matsayin shisha ta aljihu, alhali abu biyu ne daban: shisha ganyen taba ce da ake gasawa da gawayi, hayaƙinta cike da gubar gawayin, shi kuwa wannan ba a ƙona komai a cikinsa. Abin da ya haɗa su nikotin ne da ƙamshin alawa, kuma waɗannan biyun ne ke kama yaro.

Gardama kan taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A farkon ƙarni na 17, lokacin da ganyen ya fara yaɗuwa a Afirka ta Yamma, Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya yi rubutu yana ganin halaccinta, sannan daga baya a cikin ƙarnin Muhammad al-Wali na Bagarmi ya rubuta hujjojinsa na haramci. Malamai suna ta wannan muhawara, manoma suna ta shukawa. Da matafiyi Heinrich Barth ya ratso ƙasar Hausa a 1851 ya tarar tabar Katsina ta yi suna. Tsofaffi sun sha ta a lofe, sun daka ta da kanwa sun sa a baki ko a hanci, mata sun goga furenta a haƙora don ado. Sai kamfanin taba ya kafa masana'anta a Zariya, kara ya maye gurbin lofe. Shekaru ɗari huɗu na wa'azi ba su kawar da ita ba, amma sun yi wani aiki babba: sun sa shan taba ya zama abin kunya a gaban iyaye da surukai. Binciken da aka yi kan manya a Nijeriya a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin ɗari ne ke amfani da taba, mata kuwa kusan kashi ɗaya kacal. Ƙasashe da yawa za su so irin wannan adadi. Kunya ce ta tsare shi, kuma kunyar ta dogara ne da wari da hayaƙin da ake gani. Sigarin lantarki ya cire duka biyun.

Ƙasashen da abin ya riga ya kama sun gwada hanyoyi iri-iri, kuma yadda masu zuƙa suka mayar da martani ya fi dokokin kansu koyar da darasi.

A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, wata cutar huhu ta kwantar da mutane sama da 2,800 a asibiti, 68 suka mutu. Bincike ya gano cewa mafi yawansu sun zuƙi ruwan wiwi na bayan fage da aka gauraya da wani mai. A Satumbar 2019 Shugaba Donald Trump ya ce zai hana duk masu ƙamshi. Masu shaguna da masu zuƙa suka yi gangami a Washington suna barazanar juya masa baya a zaɓe. Dokar da ta fito a farkon 2020 ta hana ƙamshi a irin waɗanda ake sauya wa kwanso, ta bar waɗanda ake zuƙa a jefar. Cikin watanni kaɗan yaran makaranta suka koma kan na jefarwa, sunan Puff Bar na jefarwa ya maye gurbin Juul mai kwanso.

Indiya ta hana shi gaba ɗaya a Satumbar 2019, daga ƙerawa har sayarwa, amma ana ci gaba da samunsa a ɓoye a manyan birane da ta intanet. Ostareliya ta fara da sharaɗin takardar likita a 2021, sannan daga Yulin 2024 ta taƙaita sayarwa ga kantunan magani. Mafi yawan masu zuƙa ba su je wurin likita ba, sun je wurin 'yan fasa-ƙwauri, kuma rikicin gungun masu safarar taba da sigarin lantarki ya kai ga ƙona shagunan taba sama da ɗari a Melbourne da kewayenta. Birtaniya ta bi wata hanya. Hukumomin lafiyarta suna ƙarfafa wa manyan da suka kasa barin sigari su koma na lantarki, domin cutarwarsa ba ta kai ta hayaƙin ganye ba, amma ta hana na jefarwa daga 1 ga Yuni 2025 saboda yara da shara. Kafin ranar mutane suka yi ta saye suna tarawa, kamfanoni kuma suka fito da masu kama da na da sak, sai dai an ƙara musu ramin caji. Ita kanta Sin ta hana ƙamshin 'ya'yan itace a kasuwarta ta cikin gida tun Oktobar 2022, amma ba ta hana masana'antunta fitar da shi waje ba. Wannan batu na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye, domin duk kasuwar da ta rufe a Turai tana tura kaya su nemi inda ƙofa ke buɗe, kuma 'yan kasuwar Kano sun daɗe da sanin hanyar Guangzhou.

To ina muke? Nijeriya ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005. A 2007 Jihar Kano na cikin jihohin da suka kai manyan kamfanonin taba kotu, tare da Legas da Gombe. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan Dokar Taƙaita Taba a watan Mayun 2015, ƙa'idojin aiwatar da ita suka biyo baya a 2019. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana talla, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai kwali mai ashirin. An rubuta ta ne da ganyen taba a zuciya, ba ta yi wa sigarin lantarki tanadi ƙarara ba. A Disambar 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta sanar da tarar dala miliyan 110 kan kamfanin British American Tobacco na Nijeriya, abin da ya nuna gwamnati na da ƙarfi idan ta tunkari babban kai.

Sai dai a je kasuwar Dambatta ranar Lahadi, ko a tsaya a teburin mai shayi a Kunchi ko Tsanyawa. Kara ɗaya ake saye. Sau da yawa ma yaro ake aika ya sayo, kuma mai tebur ba zai tambaye shi shekarunsa ba, tunda ya san wanda ya aiko shi. Ba taurin kai ba ne. Mai tebur bai taɓa jin dokar ba, kuma manomin da ya wuni yana huɗa ba ya da kuɗin kwali. Dokar da aka kafa tun 2015 ba ta iso teburin nan ba, sabuwar da za a ɗora a kanta ma ba za ta iso ba, muddin hanyar isar da ita ba ta sauya ba.

Shisha ta riga ta nuna mana yadda haramci ta sanarwa ke ƙarewa. A 2018 ministan lafiya Isaac Adewole ya ce an hana taba mai ƙamshi, har da shisha. A 2021, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, Kano ta sanar da nata hanin, kuma Hisba da sauran jami'ai sun sha kai samame wuraren shaƙatawa. Wuraren da ke bakin titi sun ji jiki. Tukunyar shisha kuwa ta koma ɗakin samari, ta koma gidan gona da walimar abokan ango, inda ba mai leƙawa. Mai zuƙa a Kano ba ya ɗaukar kwali ya yi zanga-zanga kamar takwaransa na Washington, domin a nan ba wanda zai tsaya a bainar jama'a ya kare abin da iyayensa ke ƙyama. Martaninsa shi ne ɓoyewa. Kuma idan tukunya mai gawayi da bututu ta yi wuyar ɓoyewa, abin da ke shiga aljihun wando ya fi sauƙi. Akwai haɗarin gaske cewa matsin da aka yi wa shisha shi ne zai buɗe wa na lantarki kasuwa.

Labarin kodin ya fi kusa da zuciya. Bayan fim ɗin binciken da BBC ta fitar a 2018, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano, gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi. Hukunci ne da ya dace, kuma ya rage yawansa a fili. Amma kwalba ta yi tsada, waɗanda suka riga suka kamu kuma suka nemi taramol da sauran ƙwayoyi, domin an rufe famfo ba a tanadi magani ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 16 cikin ɗari na manya a Kano ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Matakin da ya fi taɓa tushe ya zo ne a 2024, lokacin da aka tilasta wa dillalan magani na Sabon Gari komawa cibiyar sari ta Dangwauro, inda jami'an NAFDAC ke iya ganin abin da ya shiga da abin da ya fita. Dillalai sun yi ƙorafi, wasu sun je kotu, amma dabarar daidai take: mai kemis na Bagwai ko Gabasawa ba ya ƙera komai, sari yake yi, kuma wuraren sari ƙidayayyu ne.

Haka ya kamata a tunkari sigarin lantarki. Korar saurayi ɗaya-ɗaya a ƙananan hukumomi 44 aiki ne da ba ya ƙarewa, kuma yana mayar da yaron da ke buƙatar taimako mai laifi. Masu shigo da kaya ta filin jirgin Malam Aminu Kano da tashoshin ruwan Legas, da manyan dillalan Singa da Sabon Gari, su ne za a iya yi wa rajista, a ƙayyade musu ƙarfin nikotin, a hana su ƙamshin alawa da kwali mai launin kayan wasan yara. Irin na jefarwa kuwa bai kamata ya shigo ba sam, kuma manomin wannan yanki yana da hujjar da Bature ba shi da ita. Tun kaka da kakanni sharar birnin Kano taki ce: da a kan jakuna ake kai ta gonaki da rani, yanzu a tifa. Manoma sun riga sun gaji da tsince leda da fasassun kwalabe daga cikinta. A Birtaniya an ƙiyasta a 2023 cewa ana jefar da guda miliyan biyar duk mako, kowanne da batirin litiyam da ragowar ruwan nikotin. Ko kaɗan daga cikin wannan ya shiga jujin Kano, ƙarshensa gonar gero da gyaɗa ce, inda awaki ke kiwo da kaka, yara kuma ke tsince duk abin da ke ƙyalli.

Akwai hujjar da masu kare sigarin lantarki ke kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Nazarin Cochrane, wanda ke tattara gwaje-gwajen asibiti, ya samu tabbaci mai ƙarfi cewa yana taimaka wa mai shan sigari ya daina fiye da cingam ko filastar nikotin. Direban da ya shekara ashirin yana busa kwali a rana, in ya koma na lantarki ya bar kara gaba ɗaya, ya rage wa huhunsa cuta. Amma wannan hujja ta yi ƙarfi ne a Ingila, inda masu shan sigari suke miliyoyi. A Makoda ko Shanono, inda mafi yawan maza ba sa sha, mata kuma kusan babu, sababbin da zai kama sun fi tsofaffin da zai ceto yawa nesa ba kusa ba. Abin da ya dace da direban shi ne a bar masa ƙofa ƙarama, ta kantin magani mai lasisi, da ma'aikacin lafiya a asibitin sha-ka-tafi da aka koya wa yadda ake taimakon mai son dainawa.

Sauran aikin na cikin gari ne. A ƙauyen da kowa ya san ɗan kowa, mai unguwa da dagaci da liman suna iya abin da ɗan sanda ba zai iya ba: su tara masu tebur da masu cajin waya, su nuna musu abin a hannu don su gane shi, su yi yarjejeniya cewa ba a sayar wa yaro, ko an ce aiko shi aka yi. Iyaye da malaman makaranta da yawa za su gan shi a jakar yaro su ɗauka alƙalami ne ko abin cajin waya, saboda haka gidajen rediyon Kano, waɗanda manomi ke saurare a gona, suna da rawar takawa. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ke da ikon gyara dokar 2015 ta shigar da nikotin kowane iri, amma Majalisar Dokokin Kano da majalisun ƙananan hukumomi, waɗanda ke ba masu kanti izini suna karɓar harajin kasuwa duk mako, ba sa buƙatar jiran Abuja kafin su sa sharaɗin shekara 18 a jikin takardar izinin.