Hikayoyin Mutanen Da a Matsayin Tubalan Ƙagaggen Labari

Manazarta adabi sun daɗe suna muhawara a kan matsayin marubucin da ya ɗebo labarinsa daga hikayoyin wasu al'ummomi: shin maƙagi ne ko mai kwaikwayo? Misalai biyu daga zamani guda za su haskaka wannan batu.

A shekarar 1937 J.R.R. Tolkien, shehun malami a Jami'ar Oxford ta Ingila, ya fitar da The Hobbit. Sunan Gandalf da na wadannin littafin daga Völuspá ya aro su, wata tsohuwar waƙar mutanen Iceland. Dodon da ke gadin dukiya, wanda ya harzuƙa don an sace masa kofi, tushensa yana cikin waƙar Beowulf.

A wannan zamanin ne kuma Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya. Ya tsamo labarai daga Alfu Laila wa Laila da tatsuniyoyin Grimm na Jamus, ya sa su a bakin aku a fadar Sarki Abdurrahman, har suka zama tamkar haifaffun ƙasar Hausa.

Ke nan masu kiran Imam mai fassara kawai ba su yi masa adalci ba, domin da mizaninsu Tolkien ma ba zai tsira ba. Abin da ya kamata a auna shi ne yadda marubuci ya sarrafa abin da ya ara.