Tarihin Maganin Rauni: Daga Bagaruwa Zuwa Penisilin

Yau hirarmu a kan tarihin maganin rauni take.

A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, kowa ya san bagaruwa. Majema suna jeme fata da ƴaƴanta. Tun kaka da kakanni, in gatari ko lauje ya sari mutum, akan daka busassun ƴaƴan bagaruwa a barbaɗa garin a kan rauni. Wanzamai ma suna aiki da shi. A cikin ƴaƴan akwai wani sinadari mai bauri, sunansa tanin. Shi ke hana fata ruɓewa, shi ke tsane miki. Amma in rauni ya yi zurfi, gari ba ya isa. Sai ya kumbura, ya yi mugunya, ya zama gyambo. Wani ma ya rasa ransa.

Mai sa mugunya wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani. Likitoci suna ce da ita sitafilokok.

A 1928, a birnin Landan na Ingila, likita Alexander Fleming ya ga wata hunhuna tana kashe wannan ƙwayar cuta. Daga hunhunar aka samo penisilin. A lokacin yaƙin duniya na biyu ya ceci sojoji masu rauni da yawa. Amma a 1945 Fleming ya ja kunne. Ya ce in ana shan maganin bai kai kima ba, ƙwayoyin cuta za su saba da shi.

Haka kuwa aka yi. Penisilin ya fara kasawa. A 1959 aka fito da sabon magani, metisilin. A 1961, a Ingila, aka ga sitafilokok da ba ta jinsa. Yau irin wannan mai taurin kai ta bazu cikin duniya.

Shi ya sa masana suka koma ga itatuwa. A ƙasar Burazil akwai wani itace mai ƙananan jajayen ƴaƴa. Masu maganin gargajiya na can sun daɗe suna sa shi ga ciwon fata. A 2017 malama Cassandra Quave da abokan aikinta na jami'ar Emory, a Amurka, suka tatsi sinadarin ƴaƴan. Suka gwada shi a kan ɓeraye masu ɗauke da sitafilokok mai taurin kai, miki bai ɓulla ba. Sinadarin ba ya kashe ƙwayoyin cutar. Hana su yake su ji juna, su haɗa kai su zuba dafi. Amma ku lura, a kan ɓeraye aka yi gwajin nan, ba a kan mutum ba.

To, ƴan uwa, ga abin da tarihi ya koya mana. In ka ji rauni a gona, ka wanke shi da tsabtataccen ruwa da sabulu, ka rufe da ƙyalle mai tsabta. In ya kumbura, ko ya yi mugunya, ko zazzaɓi ya zo, maza ka tafi gidan likita. Kada ka sayi ƙwaya a hannun ƴan talla. Ka sha magani yadda likita ya ce, har ƙarshe. Mu kuma kiyaye bagaruwarmu, kada mu sare ta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.