DAGA TROVAN ZUWA SITON BARNAWA: INDA YARDA TA ZUBE

Jama'a, duk lokacin da hukumar NCDC ta fitar da sanarwar ɓullar cuta, ko zazzaɓin Lassa ko ƙyandar biri, ku leƙa ƙasan labarin ku karanta abin da mutane ke rubutawa. "An fara neman kuɗi." "Wata kwangilar ta faɗo." Mu ma'aikata kuma idan muka haɗu a ofis sai mu ce jahilci ne. Ban yarda ba. Mutumin da ya ƙi zuwa asibiti yana da lissafinsa, kuma lissafin nan yana da shekaru da sunaye.

A 1996 sanƙarau ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, akasarinsu a Arewa. Ana tsakiyar wannan masifa kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a binciken da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarna, ba maganinsa ba. Iyaye kuma suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Sai a ƙarshen 2000 jaridar Washington Post ta tono maganar, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shekara goma sha uku kenan. Yaron da aka haifa a shekarar gwajin ya shiga sakandare kafin a ce uffan.

To, a wannan tsakanin ne aka yi rikicin ɗigon shan inna. A 2003 Dokta Datti Ahmed da Majalisar Ƙoli ta Shari'a suka ce an gurɓata rigakafin da abin hana haihuwa. Kano da Zamfara da Kadunarmu suka dakatar da aikin. Zargin ba gaskiya ba ne, kuma mun biya shi da ƙafafun yara: cutar ta tsallaka daga nan zuwa ƙasashe kusan ashirin, har Indonesiya. Amma ku saurari tambayar da iyaye ke yi a lokacin. Na je asibiti da ɗana yana zazzaɓi an ce in sayo magani a kemis, yanzu kuma an biyo ni har zaure da magani kyauta na cutar da ban kawo kuka a kanta ba, me ya sa? Wannan tambayar ba ta jahili ba ce. Amsarta ana iya bayarwa, amma an daɗe ba a tsaya an bayar ba.

Ebola ta 2014 ba ta iso mu ba. Abin da ya iso mu shi ne kiran waya da asuba a watan Agusta, wai a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Masu digiri ma sun yi. Saƙon ƙanwar uwa ya riga sanarwar minista isa gida, kuma shi aka fi gaskatawa.

Sai korona. Nan zan ɗan tsaya, don a gaban idonmu aka yi, mu da ke wannan tsallaken kogin. An rufe Kaduna a ƙarshen Maris 2020, kuma ranar 28 ga wata Gwamna Nasir El-Rufa'i da kansa ya sanar cewa ya kamu. A ganina wannan abin a yaba ne. Amma a majalisu fassarar da aka yi masa daban: cutar masu hawa jirgi ce, su suka ɗauko ta, mu aka kulle. Rasuwar Abba Kyari ranar 17 ga Afrilu ta ƙara wa wannan magana ƙarfi. Ni albashina yana shigowa ko na fita ko ban fita ba. Mai Keke Napep a Sabon Tasha fa? Mai sayar da tumatir a Kasuwar Monday ta Kakuri fa? Waɗannan unguwanni ne da tun rufe masaƙun Kakuri ba su gama farfaɗowa ba, yawancin gidaje sai an fita ake ɗora tukunya.

A farkon Afrilu aka yi arangama tsakanin 'yan sanda da jama'a a wajen Tirkaniya kan cin kasuwa a lokacin kulle, aka rasa rayuka. A tsakiyar watan Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko na kulle, fiye da waɗanda cutar ta kashe a lokacin, kuma mafi yawansu a jihar Kaduna. Cibiyar killace masu cutar tana nan Kakuri, kusa da mu. Amma mutumin da ya ga abin da ya faru a kasuwa, da wace zuciya zai kai kansa can don tari da zazzaɓi? Na san maƙwabta da suka daina jin ƙamshi suka yi shiru, suka koma sirace da tazargade da lemun tsami. Na san mai hawan jini da ya ƙi zuwa ganin likita wata uku, wai kada a rubuta shi cikin masu korona.

Kano ma ba ta taimaka ba. Masu haƙa kabari suna cewa gawarwaki sun yi yawa, gwamnati tana cewa hawan jini ne da ciwon suga da maleriya, a lokaci guda kuma Gwamna Ganduje yana neman naira biliyan 15 daga Abuja don yaƙi da cutar. Sai a Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mace-mace 979, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da korona. Wanda ya ce babu cutar da wanda ya ce ana ɓoye ta, kowa ya samu hujjarsa daga bakin hukuma.

Abin da ya ƙarasa kashe maganar shi ne 24 ga Oktoba, 2020. Bayan zanga-zangar EndSARS mutane suka fasa wani sito a Barnawa, suka yi ta fitowa da buhuna da katan-katan na kayan tallafi. Aka sa dokar hana fita a Barnawa da Kakuri da Television da Narayi da Sabon Tasha, daga baya ta game jiha. Ba na goyon bayan wawaso, kuma jihohi da ƙungiyar CACOVID sun yi bayanin cewa kayan suna jiran rabo ne. Wataƙila haka ne. Sai dai wanda ya yi watanni biyu da rabi a kulle da yunwa, ya zo ya ga abinci jibge a bayan gidansa, ba bayani yake ji ba. Har gwamnati ta yi gargaɗi cewa magungunan da aka kwashe a ma'ajiyar NAFDAC ta Narayi sun lalace, kada a sha, wasu suka ce dabara ce don a mayar.

Da rigakafi ya zo a 2021, aka ce mu ma'aikata sai da kati za mu shiga ofis. Ni na yi, iyalina sun yi. Amma layin da na gani na masu neman kati ne, ba na masu neman kariya ba, kuma kowa ya san bambancin.

Abin mamaki, a cikin wannan shekarar ta kulle, ranar 25 ga Agusta 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Yaya aka yi abin da aka ƙaurace masa a 2003 ya kai nan? Kano ta tura mutanenta suka duba, aka sayo rigakafin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, Malam Ibrahim Shekarau ya ɗiga wa yara da hannunsa a Yulin 2004. Daga 2009 sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi suka ɗauki aikin, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Aka ɗauki matan unguwa su shiga gidajen da suka san sunan kowa. Aka buɗe sansanonin lafiya inda uwa za ta samu maganin zazzaɓi da na gudawa tare da ɗigon, wato dai aka amsa waccan tambayar ta zaure. Guragun da cutar ta nakasa suka riƙa zagayawa a kan kekunansu suna cewa ku dube mu. Ba da sauƙi ba: a Fabrairun 2013 an harbe masu aikin rigakafi tara a Kano, akasarinsu mata, kuma abokan aikinsu suka sake ɗaukar akwatin ƙanƙara suka koma layi. Daga dawowar Kano zuwa waccan takardar shaida, shekara 16 aka yi ana ƙwanƙwasa ƙofa.