Asalin Filin Ƙwallo na San Siro

A yammacin birnin Milan na ƙasar Italiya akwai wata unguwa da ake kira San Siro. Da can ƙauye ce a bayan gari, daga gonaki sai magudanan ruwa. Sunan ya samo asali daga wata 'yar majami'a da aka gina a wurin don tunawa da wani waliyyin Kirista mai suna Siro, wanda aka ce shi ne babban limamin Kirista na farko a garin Pavia. Da birni ya yi ta faɗaɗa sai ya haɗiye ƙauyen, aka yi filin sukuwa a wurin. A wancan zamanin, in mutum ya ce maka za shi San Siro, to kallon dawaki za shi.

Ita kuwa ƙwallo Ingilishi ne suka kawo ta garin. A 1899 waɗansu mutanen Ingila mazauna Milan, cikinsu har da Herbert Kilpin, suka haɗa kai da 'yan gari suka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira AC Milan. Ba a daɗe ba gardama ta tashi kan ɗaukar 'yan wasa baƙi. A 1908 waɗanda ke son a buɗe ƙofa ga kowa suka ɓalle, suka kafa tasu mai suna Internazionale, wato Inter. Tun daga ranar ba a sake ga-maciji tsakaninsu ba.

Shugaban Milan a tsakiyar shekarun 1920 shi ne Piero Pirelli, ɗan gidan masu kamfanin taya na Pirelli. Mai kuɗi ne, kuma ya gaji da ganin ƙungiyarsa tana yawo daga wannan fili zuwa wancan. Sai ya ƙudura zai gina mata nata na kanta, kusa da filin sukuwa. Aka fara aiki a 1925. Mai zanen ginin, Ulisse Stacchini, shi ne kuma ya zana babbar tashar jirgin ƙasa ta Milan, injiniya Alberto Cugini yana taya shi. Suka bi tsarin filayen Ingila: rumfunan zama huɗu miƙaƙƙu, kowace a gefe ɗaya, kusurwoyi a buɗe, wurin mutum 35,000.

Abu ɗaya suka ƙi sawa, wato hanyar tseren 'yan gudu da ake kewaye fili da ita. A ganina wannan shawara ta fi duk simintin da aka zuba daga baya daraja. Da yawa daga cikin manyan filayen Italiya suna da hanyar tseren, ɗan kallo yana can nesa yana hange. A San Siro kuwa ihun mutane a keyar ɗan wasa yake sauka.

Ran 19 ga Satumba 1926 aka buɗe filin da wasan sada zumunci, Milan ta gayyato Inter. Baƙi ba su ji kunyar mai gida ba, suka ci 6 da 3, suka koma filinsu.

A 1934 Italiya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya, kuma a San Siro ta doke Austriya 1 da 0 a wasan kusa da na ƙarshe. Shekara ta zagayo, hukumar birnin Milan ta sayi filin, ta toshe kusurwoyin nan huɗu da rumfuna masu lanƙwasa. Daga nan filin ya tashi daga gidan Milan ya zama na gari, mai gida ya koma ɗan haya. To, mai haya ba shi da ikon zaɓen maƙwabci. A 1947 Inter ta tattaro kayanta ta tare.

Zaman da suka yi tun daga lokacin irin na kishiyoyi ne, gida ɗaya, girki bi da bi. Makon da Milan ke wasa a gida Inter tana waje, mako mai zuwa a juya. Magoya bayan Milan na gani-kashe-ni suna zama a lanƙwasar kudu, na Inter a ta arewa. Ranar da za su kara da juna kuwa, takarda ce ke nuna wa ke gida wa ke baƙunta, don kowa ya san hanyar ɗakinsa.

Da mutane suka yi wa filin yawa, ba a rushe shi ba. A tsakiyar shekarun 1950 aka ɗora masa hawa na biyu, wanda ke tsaye da ƙafafunsa a bayan tsohon gini, aka naɗe shi da hanyoyi masu gangare da mutum zai bi ya hau sama ba matakala. A ƙarƙashin wannan siffa Inter ta mai horarwa Helenio Herrera ta ci kofin Turai a 1965, cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, da ƙwallo ɗaya tak da Jair ya zura wa Benfica.

Giuseppe Meazza ya rasu a 1979. Ɗan garin ne, ya ci wa Italiya kofin duniya sau biyu, a 1934 da 1938. A 1980 aka sa wa filin sunansa. Sai dai Meazza gwarzon Inter ne. Abin da ya taka a Milan bai taka kara ya karya ba. Don haka magoya bayan ƙungiyar Milan suka ci gaba da cewa San Siro abinsu, duniya ma ta bi su.

Kamannin da muka sani a talabijin na 1990 ne, lokacin da kofin duniya ya dawo Italiya. Aka kafa hasumiyoyin siminti 11 masu murɗaɗɗun hanyoyi, aka ɗora hawa na uku a ɓangarori uku, aka aza rufi a kan manyan jajayen ƙarafa. Ɓangare na huɗu bai samu ba, saboda filin dawaki ya tokare shi. Ran 8 ga Yuni aka buɗe gasar a nan, Argentina mai riƙe da kofi da Maradona a gabanta, ta gamu da Kamaru. François Omam-Biyik ya tashi sama ya sa kai, ƙwallo ta suɓuce wa mai tsaron gida. Alƙalin wasa ya kori 'yan Kamaru biyu, suka ƙarasa su 9, amma 1 da 0 ɗin ba ta motsa ba. Bayan haka 'yan Afirka suka saba da filin: George Weah a Milan, Nwankwo Kanu da Obafemi Martins da Samuel Eto'o a Inter, Taribo West da Sulley Muntari kuwa sun sa rigunan biyu duka.

Rufin ya zo da nasa ciwon kai. Ya tare rana da iska, ciyawa ta dinga mutuwa ana sake shimfiɗawa, har a 2012 aka gauraya ta da ta roba.

Ƙungiyoyin biyu sun daɗe suna kukan cewa haya ba ta kawo kuɗi, ga gini ya tsufa. A 2024 hukumar UEFA ta janye wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 2027 da ta yi niyyar ba filin. A ƙarshen Satumba 2025 majalisar birnin ta yarda a sayar wa Milan da Inter filin da kewayensa kan Yuro miliyan 197, su gina sabo a gefe, su rushe mafi yawan tsohon. An yi cinikin da gaggawa, don hawa na biyu yana gab da cika shekara 70, kuma dokar Italiya tana iya hana taɓa ginin hukuma da ya kai waɗannan shekaru. A farkon Nuwamba aka sa hannu, saura 'yan kwanaki wa'adin ya cika.