Umuahia: Garin Tasha Da Ya Zama Hedikwatar Biyafara

Yau ina so mu waiwayi tarihin Umuahia, garin da wasunmu muke neman abinci a cikinsa, domin na lura yawancin samarinmu sun san kasuwa da tashar mota, amma ba su san yadda aka yi iyayenmu suka zo nan ba, balle abin da ya taɓa korarsu.

Shi dai garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi. Bayan da Turawa suka gano kwal a yankin Udi a 1909, sai suka shimfiɗa layin dogo daga Fatakwal, ya isa Inugu a 1916. Layin ya ratsa ƙasar Ibeku, aka kafa tasha, sai kamfanonin sayen manja da kwakwa suka yi mata caa, kasuwa ta zauna. Daga baya aka ja layin zuwa Arewa ta Kafanchan, kuma a 1932 aka gama gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai. To daga nan ne harkar iyayenmu ta buɗe sosai. A da kora shanu ake yi a ƙasa makonni da dama, su ratsa dajin tsando su iso a rame, wasu ma su mutu a hanya. Da jirgi ya samu, sai a loda su a tarago su sauka cikin 'yan kwanaki. Haka Umuahia ta zama babbar kasuwar shanu a Gabas, dillalai da mahauta da masu wake da albasa suka kafa unguwa da masallaci.

Mai karatu ya sani, ƙaramin garin nan ya fitar da manya. Firimiyan Jihar Gabas, Dokta Michael Okpara, ɗan yankin ne. Haka ma Janar Aguiyi-Ironsi, wanda ya karɓi mulki bayan juyin 15 ga Janairun 1966 da aka kashe su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, shi kuma aka kashe shi a Ibadan a ƙarshen Yulin wannan shekara. A watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba an yi wa 'yan ƙabilar Ibo kisan gilla a garuruwan Arewa, wannan gaskiya ce da bai kamata mu ɓoye ba. Jirgin da ya saba kawo shanu shi ne ya riƙa dawo da su gida, da masu rauni da waɗanda suka rasa kowa. A Gabas ma an kai wa 'yan Arewa harin ramuwa, sannan gwamnatin Ojukwu ta ce waɗanda ba 'yan yankin ba su fita. Dattawanmu sun ce da abin da hannu zai iya ɗauka kawai suka tafi, aka bar gidaje da basussukan da ba a karɓo ba.

A ranar 30 ga Mayun 1967 aka ayyana Biyafara, yaƙi ya ɓarke a farkon Yuli. Inugu ta faɗi a Oktoba, sai aka mayar da hedikwata Umuahia. Me ya sa ita? Tana tsakiyar ƙasar Ibo, nesa da bakin daga, ga hanyoyi, ga asibitin Queen Elizabeth, ga gine-ginen makarantu da za a mayar ofisoshi. A nan aka haƙa wa Ojukwu mafaka a ƙarƙashin ƙasa, daga nan kuma rediyon Biyafara ya riƙa watsa shirye-shirye.

Amma wannan ɗaukaka ta zo da masifa. Da Fatakwal ta faɗi a Mayun 1968, sannan Aba a Satumba, sai aka datse layin dogon ta Kudu kamar yadda aka datse shi ta Arewa. Garin da ya saba cin abinci daga jirgi ya wayi gari babu shanu, babu wake, babu gishiri, ga 'yan gudun hijira sun cika ko'ina. Yara suka riƙa kumbura saboda rashin abinci mai gina jiki, jiragen yaƙi kuma na ruwan bama-bamai a kan fararen hula.

A ƙarshen Maris na 1969 runduna ta ɗaya, ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa, ta nufo garin daga Arewa. An gwabza ƙwarai a Uzuakoli, wata ƙaramar tasha da ke kusa, inda aka harbi Ibrahim Babangida. Ranar 22 ga Afrilu sojojin tarayya suka shiga Umuahia, gwamnatin Biyafara ta koma wajen Owerri. Yaƙi bai ƙare ba sai Janairun 1970.

Bayan an yi sulhu, sannu a hankali mutanenmu suka dawo, domin mai saye da mai sayarwa kowa na buƙatar ɗan uwansa. Sai dai jirgin bai sake komawa yadda yake ba, tireloli suka karɓe dakon shanu. A 1991 garin ya zama babban birnin Jihar Abiya.

Shawarata ga samarinmu ita ce, duk wanda ya samu sarari ya je gidan tarihin yaƙi da aka kafa a garin a 1985, ya ga makaman da aka ƙera a gida lokacin da aka toshe ko'ina. Sannan ya zauna da tsofaffin da suka rage, namu da na masu masaukinmu, ya saurara. Maƙwabcin da kuke ciniki da shi wataƙila a wannan yunwa ya rasa 'yan uwansa, saboda haka a san irin maganar da za a riƙa yi a gabansa. Mu da ke zaune a tsakani mu ne na farko da wuta ke ci idan rikici ya tashi, a nan ko a can gida. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan rana. Wassalam.