Yanar Ido: Daga Tsinken Masu Sokar Ido Zuwa Aikin Asibiti

Mai karatu, idan akwai dattijo a gidanku da ya fara cewa yana ganin duniya kamar ana hazo, ko kuma hasken fitilar mota yana kashe masa ido da dare, to mai yiwuwa yana ce ta fara kama shi. Ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, kuma tarihin maganinta zai taimake ka ka san inda ya kamata ka kai shi.

A cikin ido, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan madubi garau wanda ke tattara haske. Idan shekaru suka ja, sai ya fara dishewa kamar farin ƙwai a kan wuta. Wannan dishewar ita ce yana. Ciwon sukari, shan taba, buguwa a ido da yawan amfani da magungunan sitiroyid suna gaggauta ta. Magabata ba su san haka ba. Likitocin Girka da na Larabawa sun ɗauka wani ruwa ne ke saukowa daga kai ya daskare a gaban madubin, shi ya sa Larabawa suka kira ta saukar ruwa.

Maganin farko da aka sani shi ne soka. Littafin Sushruta na Indiya ya bayyana shi, haka ma Celsus na Rum a ƙarni na ɗaya bayan haihuwar Annabi Isa. Ana shigar da tsinke ta gefen ido a ture madubin da ya dishe ya faɗa can ciki. Nan take haske ya shiga, majiyyaci ya ga inuwar hannu, jama'a su yi ta mamaki. Amma madubin bai fita ba, yana nan kwance a cikin ido. Bayan kwanaki sai kumburi, ruɓa ko hawan jinin ido su biyo baya, a lokacin kuwa mai sokar ya riga ya bar gari.

Tun wajen shekara ta 1000 wani likita ɗan Mosul, Ammar ibn Ali, wanda ya yi aiki a Masar, ya ƙera allura mai rami yana tsotso yana mai laushi da ita zuwa waje. Dabararsa ba ta yaɗu sosai ba, soka ta ci gaba da cin kasuwa har a Turai. A 1750 wani Bature mai yawon sokar ido, John Taylor, ya yi wa shahararren mawaƙin Jamus, Bach, aiki a birnin Leipzig. Bach ya makance, kuma ya rasu a cikin shekarar.

Sauyi ya zo daga Faransa. A farkon ƙarni na 18 likitoci suka tabbatar cewa madubin ne da kansa ke dishewa. A 1747 Jacques Daviel ya tsaga ido ya ciro madubin gaba ɗaya. A 1884 Karl Koller ya gano maganin kashe zafin ido a Vienna, aikin ya daina zama azaba. Sai dai wanda aka cire wa madubi dole ya rayu da tabarau mai kaurin gindin kwalba.

Wannan matsalar Harold Ridley na Ingila ya warware, likitan da ya taɓa aiki a Ghana lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana nazarin makantar kogi. Ya lura cewa ɓarɓashin robar tagar jirgin yaƙi da ya shiga idon matuƙa yana zama a ciki ba tare da ido ya yi faɗa da shi ba. A 1949, a asibitin St Thomas da ke Landan, ya fara aikin dasa madubin roba a gurbin wanda aka cire. A 1967 Charles Kelman na Amurka ya fito da na'urar da ke farfasa yana ta tsotse ta ta wata 'yar ƙaramar kafa.

Aikin asibiti ya daɗe da isowa ƙasar Hausa: asibitin ido na ECWA da ke Kano ya buɗe tun 1943, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Duk da haka, binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana soke su aka yi, musamman a Arewa, kuma mafi yawansu a makance suke. Tsadar hanya, tsoron wuƙa da dogon layi su ke tura mutane ga mai tsinke, wanda ke zuwa har ƙofar gida.

To, ga abin da za ka riƙe. Yana tana zuwa a hankali, ba zafi, ba ja. Babu ɗigo, kwalli, zuma ko saiwa da ke narkar da ita, aiki ne kawai maganinta, kuma ba sai an jira ta nuna ba: da zarar ta hana mutum karatu, tuƙi ko sana'a, lokaci ya yi. Aikin bai cika wuce rabin sa'a ba, kuma galibi ana sallama a ranar ko washegari. Kada ka yanke hukunci a gida cewa yana ce, domin hawan jinin ido ma yana cin gani shiru, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ido ya yi ja da zafi, ko ka ga farin ɗigo a tsakiyar idon jariri, a tafi asibiti a ranar.

Idon da yana ta rufe yana iya jiran likita ya buɗe shi. Wanda tsinke ya ɓata kuwa, sau da yawa likita ma ba shi da abin yi. Saboda haka idan mai tsinke ya sauka a kasuwar garinku, ka riƙe hannun dattijonka, ku nufi asibiti.