Daga St. Louis Zuwa Tomsk: Zafi da Aikin Tace Yuraniyom

Kowa ya san mai da ruwa ba sa haɗuwa. A kan wannan aka gina aikin tace yuraniyom: a narkar da ma'adinin cikin ruwan asid, a zuba wani ruwan da ba ya gauraya da shi, a girgiza, a bari su kwanta. Yuraniyom sai ya ƙaura cikin sabon ruwan, ya bar ƙazanta a baya.

A 1842 Bafaranshe Eugène Péligot ya yi haka da ruwan eta, wanda daga baya likitoci suka riƙa sa majinyata barci da shi kafin tiyata. Bayan shekara 100 cif, a 1942, Arthur Compton ya roƙi kamfanin Mallinckrodt da ke St. Louis a Amurka ya tace masa yuraniyom tan-tan ta wannan hanya. Sai dai eta yana tafasa a digiri 35, ƙasa da zafin jikin mutum, kuma tartsatsi ɗaya ya isa tururinsa ya kama da wuta. Duk da haka suka yi, kuma da yuraniyom ɗinsu aka gina tukunyar nukiliya ta farko, wadda aka kunna a Chicago ranar 2 ga Disamba, 1942.

Bayan yaƙi aka nemi ruwan da ba shi da wannan rawar kai. Aka samu sinadarin TBP, ana sirka shi da kananzir, aka sa wa tsarin suna PUREX, ya fara aiki a masana'antar Savannah River a 1954.

A nan ne, a ganina, labarin ya fi daɗi. Idan TBP ya kama yuraniyom, zafi yake fitarwa. Don haka in ruwan ya ɗumama sai riƙon ya sassauta, in ya huce sai ya ƙara ƙarfi. Injiniyoyi suka mai da wannan hali makami: su kama yuraniyom cikin sanyi-sanyi, in lokacin karɓe shi ya yi su rage ƙarfin asid, su ɗumama ruwan, TBP ya sake shi da kansa.

Amma ɗumi daban, zafi daban. Idan TBP ya zauna da asid mai ƙarfi zafi ya haura digiri 130, sai ya fara cin kansa yana ƙara zafi da iska, ya zama abin da ma'aikata ke kira jan mai. Tun a Janairun 1953, lokacin gwaji, wata tukunya ta fashe a Savannah River saboda haka. Ranar 6 ga Afrilu, 1993, aka maimaita a Tomsk-7 da ke Rasha: asid da sinadarin suka kwanta cikin tanki ba a gauraya su sosai ba, zafi ya taru, tankin ya tarwatse ya rushe wani sashe na ginin, iska ta kwashi gurɓatacciyar ƙura har ƙauyen Georgievka.